Kirari daban, kaye daban: buri da zurfi a fina-finan sadaukai

A watan Satumba na 2019, bikin fina-finai na Venis, wanda ya girmi duk sauran bukukuwan fim na duniya, ya ba fim ɗin Joker babbar kyautarsa ta Zakin Zinariya. Wata guda bayan haka, Martin Scorsese, dattijon daraktan da Joker ɗin ya ari salonsa, ya ce fina-finan sadaukai na kamfanin Marvel ba sinima ba ne, sun fi kama da dandalin lilo da majaujawa. Da aka saki kashi na biyu na Joker a 2024, darakta bai canza ba, jarumi bai canza ba, kuɗin da aka zuba ya ninka na farko wajen sau uku, amma masu sharhi da masu kallo suka taru suka juya masa baya.

Wanda ke bin waɗannan labarai daga Yamai ko Tawa yana da dalilin ruɗewa. A fada, kafin a sauke shayi na biyu, sai ka ji wani ya rantse cewa fim kaza na masu hankali ne, wanda bai gane shi ba karatunsa ne bai kai ba. Na kusa da shi kuma ya ce awa uku ya yi yana kallon duhu da ruwan sama, bai ji abin da aka faɗa ba. Gardamar na ƙin ƙarewa ne saboda ana cakuɗa abu biyu: abin da fim ya ɗauki alkawarin yi, da abin da ya yi ɗin.

Me ake nufi da sadauki, buri da zurfi

Sadauki a nan shi ne aktan da ƙarfinsa ya wuce na ɗan Adam, ko wanda dukiya da na'urori suka ba shi irin wannan ƙarfi, yana sanye da kaya na musamman, sau da yawa fuskarsa a rufe. Galibinsu mallakin gida biyu ne na Amurka. Marvel, wanda kamfanin Disney ya saya a 2009 a kan dalar Amurka wajen miliyar 4, shi ke da Iron Man da Captain America da Black Panther. DC, da ke ƙarƙashin Warner, shi ke da Superman da Batman da Joker.

Buri shi ne niyyar darakta ta yin abin da ya fi dambe da fashe-fashe. Ana gane shi tun daga tallar fim: hoto mai duhu, kiɗa mai nauyi, tafiyar hawainiya, tsawon da ya haura awa biyu da rabi, ambaton addini ko siyasa ko falsafa, da jarumin da ba ya murmushi. Zurfi kuwa ba a ganin sa a talla. Sai an kalli fim ɗin har ƙarshe, sannan a tambaya: matsalar da ya tayar, ita ce ta yanke yadda labarin ya ƙare? Zaɓin da jarumin ya yi, ya ci masa wani abu da ba zai dawo ba? Abokin gabansa, an bar hujjarsa ta tsaya da ƙafafunta, ko an kayar da ita ta bayan fage?

Duk wanda ya taɓa zuwa filin kokawa ya san wannan bambanci, balle mutanen Tawa, inda aka fara gasar takobin ƙasa a 1975. Ɗan kokawa yakan fito da layu da guraye, makaɗa na zuga shi, ya yi kirari ya ambaci iyaye da kakanni. Ba a raina wannan, don kirari mai kyau fasaha ce mai zaman kanta, kuma da shi fili ke ɗaukar zafi. Sai dai ba a ba kowa takobi don kirari. Sai an yi kaye.

Daga ina wannan buri ya taso

Superman ya fara fitowa a mujallar zane a 1938, daga hannun samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster. Batman ya biyo shi a 1939. Littattafai ne masu arha, na yara da sojoji, kuma manya na kallon su a matsayin shirme. A 1954, bayan majalisar dattawan Amurka ta yi zaman sauraron koke cewa suna lalata tarbiyya, masu bugawa suka kafa wa kansu dokar tacewa wadda ta wajabta cewa a kowane labari alheri ne zai rinjayi sharri. Shekaru da dama wannan ƙa'ida ta hana sadauki yin kuskuren da ba ya gyaruwa.

Abin ya sauya a 1986, da fitowar littattafai biyu: The Dark Knight Returns na Frank Miller, da Watchmen na Alan Moore da Dave Gibbons. Sun tambayi abin da aka daɗe ana kauce wa: wane irin mutum ne zai rufe fuska ya fita da dare yana dukan mutane, kuma wa ya ba shi izini? Kasuwa ta ga sun samu karɓuwa, sai ta kwashi abin da ya fi sauƙin kwafa, wato duhu da jini da fushi, ta bar tambayar. Moore da kansa ya sha nuna takaicin wannan gado.

A sinima ma haka tarihin ya maimaita kansa. The Dark Knight na Christopher Nolan, a 2008, ya tara sama da dala miliyar ɗaya, kuma Heath Ledger, wanda ya fito a matsayin Joker, abokin gaban Batman, ya ci Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka, bayan rasuwarsa. Rashin saka fim ɗin cikin masu neman kyautar gwarzon fim ya jawo surutu, kuma a shekarar da ta biyo baya aka faɗaɗa jerin daga biyar zuwa goma. Daga nan kowane kamfani ya gane cewa fim ɗin sadauki na iya kawo kuɗi da daraja a lokaci guda. Abin da ya rage shi ne yadda za a samu darajar ba tare da an taɓa kuɗin ba.

Abin da ke faruwa a cikin ma'aikata

A nan ne mafi yawan bayanin yake, kuma lissafi ne tsagwaronsa. Babban fim na sadauki yakan ci dalar Amurka miliyan 200 ko fiye. In aka ɗauki dala ɗaya a kan sefa 600, miliyar 120 ke nan na kuɗinmu. Kuɗin talla daban yake, kuma yakan haura dala miliyan 100. Gidajen sinima na riƙe wajen rabin kuɗin tikiti. A lissafi na sama-sama, sai fim ya tara miliyan 600 kafin mai shi ya mai da uwar kuɗi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba ya son labarin da zai ɓata wa wata ƙasa rai, ko ya hana matasa shiga zaure. Shi ya sa galibi ake neman tambarin PG-13, wanda ke ba yara damar shiga. Sakamakonsa shi ne a rushe rabin birni a allo, ba a ga gawa ko zaman makoki ba.

Abu na biyu shi ne jerin aiki. Daƙiƙa guda ta fim hotuna 24 ce, don haka fim na awa biyu ya ƙunshi hotuna 172,800, kuma a irin waɗannan fina-finai kaɗan ne kwamfuta ba ta taɓa ba. Da yake ranar fitowa an tsayar da ita tun shekaru biyu ko uku da suka wuce, ana fara zana manyan faɗace-faɗace a kwamfuta, a matsayin gwaji, tun rubutun labari bai kammala ba. Wani lokaci ma tun ba a ɗauki darakta ba. Lucrecia Martel, daraktar ƙasar Ajantina, ta bayyana a 2018 cewa da Marvel suka tuntuɓe ta kan fim ɗin Black Widow, sun ce kada ta damu da fitowar faɗa, su za su ji da wannan. Ma'anar haka ita ce minti talatin ko arba'in na ƙarshe, daidai wurin da ya kamata labari ya amsa tambayarsa, an riga an gina su kafin a san mece ce tambayar. Marubuci sai ya koma mai haƙa hanya zuwa gadar da aka riga aka kafa.

In kuma aka gwada fim ɗin ga ƴan kallo na gwaji suka nuna gajiya, sai a koma ɗauka, a sake yanka, masu aikin kwamfuta su kwana suna gyara. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: korafin yawan aiki da ƙurewar lokaci ne ya sa ma'aikatan wannan sashe na Marvel suka kaɗa ƙuri'ar shiga ƙungiyar ƙwadago a Satumban 2023.

Abu na uku shi ne sadauki dukiya ce, ba a barin ta ta mutu. A ƙarshen Avengers: Infinity War, a Afrilun 2018, rabin halittu suka zama toka, har da Black Panther wanda fim ɗinsa ya fito wata biyu kacal kafin nan, da Spider-Man wanda an riga an sa ranar fitowar fim ɗinsa na gaba. Fitowar ta girgiza zaure, amma mai bin labaran kamfani ya san aro aka yi.

Inda tambayar ke ɓacewa

Batman v Superman na Zack Snyder, na 2016, shi ne misalin da ya fi bayyana. Ya ɗauko tambaya mai nauyi: mai ƙarfin da ba wanda zai iya hana shi, wa zai tuhume shi? Har ya kafa hujja da wani kisa da aka yi a wata ƙirƙirarriyar ƙasar hamada a Afirka, aka ɗora wa Superman. Majalisar dattawa ta kira shi ya zo ya kare kansa. Ya shiga zauren, ya tsaya, kuma kafin ya buɗe baki bam ya tashi da ginin. Daga nan ba a sake komawa kan tambayar ba. Rigimar sadaukan biyu ta mutu ne da aka gano sunan iyayensu mata ɗaya ne, sannan suka haɗu suka yaƙi wani dodo. Fim ɗin na da hotuna masu kama da zanen majami'a, yana da minti 151, akwai ma wani kwafi mai minti 182 da ya cike wasu giɓuna. Buri ya kai buri. Amma da za a cire duk maganar alloli da shaiɗanu da ke ciki, faɗan ƙarshe ba zai canza ko da naushi ɗaya ba.

Captain America: The Winter Soldier, na 2014, ya fi shi tsari nesa ba kusa ba, kuma batunsa ba baƙo ba ne ga ƙasar da jirage marasa matuƙa suka yi shekaru suna tashi daga Agadas. Hukumar tsaro ta ƙera jirage uku da za su riƙa kashe mutane tun kafin su yi laifi, bisa hasashen kwamfuta. Tambayar ita ce ko gwamnatin da ta ce tana kare ka tana da wannan haƙƙi. Sai a tsakiyar fim aka bayyana cewa wata tsohuwar ƙungiyar ƴan Nazi ce ta kutsa cikin hukumar. Daga nan mai kallo ya huta: laifin na miyagu ne da suka shigo ta taga, ba sai ya binciki mutanen kirki da suka sa hannu a takardar ba.

Eternals na 2021 matsalarsa ta lissafi ce. Daraktar, Chloé Zhao, wadda ta ci Oscar a wannan shekarar, ta kawo hasken rana na gaske da filaye na gaske, ta tambayi dalilin da masu iko za su zuba ido ana zalunci shekara 7,000, har da Hiroshima. Amma sadaukai goma ne a cikin minti 156. Ko da ba a cire lokacin faɗa ba, kowannensu minti goma sha biyar da ɗoriya zai samu. Ba a sanin mutum cikin wannan lokaci har a ji zafin zaɓinsa.

A ɗaya gefen, a duba yadda The Dark Knight ya gina ƙarshensa. Jiragen ruwa biyu, ɗaya cike da farar hula, ɗaya da fursunoni, kowanne an ba shi maɓallin tarwatsa ɗayan kafin sha biyun dare. Iƙirarin Joker cewa kowa mugu ne in an matsa shi, a nan aka gwada shi, a hannun mutane marasa ƙarfin komai, kuma fursuna ne ya jefar da maɓallin ta taga. Duk da haka Joker bai fita hannu rabbana ba, don ya lalata Harvey Dent, mai gabatar da ƙara da gari ya dogara da shi. Batman ya ɗauki laifin kisan da bai yi ba, ya zaɓi a gina zaman lafiya a kan ƙarya. Ana iya jayayya da wannan zaɓi, kuma kashi na uku na 2012 ya nuna ƙaryar ta fashe. Abin lura shi ne akwai abin da za a yi jayayyar a kansa.

Logan na 2017 ya bi wata hanya: ya rage komai. An kashe ƙasa da dala miliyan 100. Jarumin ya tsufa, yana tuƙin motar haya, yana jinyar dattijon da ƙwaƙwalwarsa ke lalacewa, yana ɗaukar sa zuwa bayi. Wasu manoma suka ba su masauki da abincin dare, kuma wannan karamci ya jawo mutuwarsu duka. Tambayar fim ɗin, ko mai kisa na iya tsira daga abin da ya aikata, da jikin jarumin aka amsa ta. Ko da yake kasuwa ba ta haƙura ba: a 2024 aka dawo da Hugh Jackman, wanda ya fito a matsayin Logan, cikin rigar, a matsayin wani Logan daga wata duniya.

Zurfi kuma bai wajabta ɓata rai ba. A Spider-Man: Into the Spider-Verse, fim ɗin zane na 2018 mai cike da launi da raha, akwai wurin da yaro Miles ke motsi a kan zane 12 a daƙiƙa, malaminsa kuma a kan 24. Ido na jin yaron bai ƙware ba tun kafin a faɗa. Dabarar aiki ce ta zama ma'anar labari.

Wakanda ta fuskar mutumin Sahel

Black Panther na Ryan Coogler ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne aka fi kafa hujja da shi a wajenmu. Ya tara sama da dala miliyar 1.3, shi ne fim ɗin sadauki na farko da ya shiga takarar gwarzon fim a Oscar, ya kuma ci uku: sutura, tsara wuri, da kiɗa. An yi aikin bincike na gaske. Harshen Wakanda, ƙirƙirarriyar ƙasar Afirka da labarin ke gudana a cikinta, isiXhosa ne na Afirka ta Kudu, muryar Baaba Maal na Senegal na cikin kiɗan tare da ƙaramar gangar tama mai kama da kalangu, kuma suturar ƙabilar fatake daga Abzinawa aka aro ta.

Tambayarsa ba ta wasa ba ce ga mutumin da motocin yuraniyom suka shekara suna ratsa garinsa a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, inda aka fara haƙa tun 1971. Ƙasa mai ma'adinin da duniya ke kwaɗayi, ta ɓoye shi, ta raba shi, ko ta mai da shi makami? Killmonger, abokin gaban jarumin, ɗan jinin Wakanda da aka bari maraya a Oakland ta Amurka, ya zo da tuhuma mai ƙarfi: kun ƙoshi kun rufe ƙofa, ƴan uwanku na cikin ƙangi. A gidan tarihi na Landan ya tambayi jami'ar yadda kakanninta suka samu kayan da ke cikin gilashi. A Nuwamban 2018, shekarar da fim ɗin ya fito, aka miƙa wa gwamnatin Faransa rahoton Felwine Sarr da Bénédicte Savoy kan mayar da irin waɗannan kaya, kuma a 2021 aka mayar wa Jamhuriyar Benin guda 26.

Masu yabon fim ɗin suna nuna cewa tuhumar ta yi aiki a cikin labarin. T'Challa, sarkin Wakanda, wato Black Panther ɗin, ya fuskanci kakanninsa ya ce musu sun yi kuskure, kuma a ƙarshe Wakanda ta buɗe ƙofa. Jarumi ya sauya saboda hujjar abokin gabansa, abin da ba kasafai ake gani ba. Masu suka kuma suna nuna yadda aka kayar da hujjar ta bayan fage: an sa Killmonger ya harbe budurwarsa, ya shaƙe wata dattijuwa, don kada mai kallo ya bi shi. An sa jami'in CIA cikin masu ceto Wakanda. Babbar tambayar ta ƙare a dambe tsakanin hotunan kwamfuta biyu a kan layin dogo, maganin kuma ya zama cibiyar taimako. Duka ɓangarorin biyu abin da ke cikin fim ɗin suke faɗa, kuma a nan ake ganin iyakar abin da darakta mai gaskiya ke iya fitarwa daga cikin wannan ma'aikata.

Kashi na biyu, Wakanda Forever na Nuwamban 2022, ya matso kusa da mu sosai. Ya nuna sojojin haya masu jin Faransanci sun kai hari wata cibiyar Wakanda a Ansongo ta Mali, garin da ke kan hanyar Gao zuwa Yamai, kuma aka kawo su a ɗaure gaban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito a Fabrairun 2023 ya yi tir da fitowar. Amma a cikin fim ɗin ƴan mintoci ne. Sauran labarin yaƙi ne tsakanin Wakanda da wata al'ummar ƙarƙashin teku, wato waɗanda aka zalunta biyu suna gwabzawa, manyan ƙasashe na gefe. Guntun bidiyon da ya yi ta yawo a WhatsApp ya fi fim ɗin kansa zafi.

Abin da kowane ɓangare ke cewa

Scorsese ya faɗaɗa matsayinsa a jaridar New York Times a Nuwamban 2019. Bai musanta ƙwarewar masu aikin ba. Kukansa shi ne babu kasada a ciki, komai an auna shi an gwada shi don kasuwa, kuma waɗannan fina-finai sun mamaye zaurukan da wasu za su samu. Darakta Francis Ford Coppola ya mara masa baya da kalmomi masu zafi.

James Gunn, wanda ya yi aiki da Marvel kuma yanzu yana cikin masu jagorancin fina-finan DC, ya amsa cewa fina-finan kaboyi da na ƴan daba ma haka aka raina su a zamaninsu, kuma a kowane nau'i akwai mai kyau akwai maras kyau. Akwai ɓangare na uku da ke ganin neman zurfin ne ma kuskure: tatsuniya ce, kuma ba wanda ke tuhumar Gizo da Ƙoƙi don ba su kawo falsafa ba. Wannan ra'ayi na da ƙarfi, sai dai ya manta cewa tatsuniya mai kyau ba ta yi wa Gizo rangwame. Kwaɗayinsa na kai shi inda yake kai shi.

Joker ya faɗa tsakanin waɗannan ra'ayoyi. Ya nuna mai taɓin hankali da aka rufe ofishin da ke ba shi magani, kuma wasan Joaquin Phoenix ya ci Oscar. Masu suka sun ce nauyinsa na aro ne daga Taxi Driver da The King of Comedy na Scorsese, har jaruminsu Robert De Niro aka ɗauko, kuma talakawan da suka yi bore a ciki ba su da fuska ko buƙata. Kashi na biyu ya yi kasada ta gaske, ya juya ya tuhumi masu sha'awar Joker ɗin, cikin kotu da waƙe-waƙe. Kasada ce irin wadda Scorsese ya nema, amma labarin ya tsaya cik yana maimaita na farko.

Ma'aunin da ke gida

Nijar ta taɓa amsa wannan tambaya da kyamara. A 1966 Moustapha Alassane, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe yana aiki a Tawa, ya fitar da Le Retour d'un aventurier, fim na wajen rabin awa, da Zalika Souley da Djingarey Maïga a ciki. Wani saurayi ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka ɗauki sunayen Amurkawa, suka fara satar dawaki da tayar wa gari hankali, har wasa ya kai ga zubar da jini. Abin da Watchmen ya tambaya bayan shekara ashirin, wato me sutura ke yi wa mai sanye da ita da kuma maƙwabtansa, an riga an tambaye shi a nan, da rana tsaka, cikin raha, da kuɗin da ba zai sayi abincin ma'aikatan Marvel na mako guda ba.

Abin da wannan ke jawo wa mai kallo da mai shiryawa

Mafi yawan masu kallo a nan ba a zaure suke gani ba, duk da gidan siniman Canal Olympia da aka buɗe a Yamai a 2017. A waya ne, daga katin memori ko turawa daga aboki, cikin kwafin da aka matse ya koma ƴan ɗaruruwan mega. Matsewa na fara cinye bambancin launi a wurare masu duhu. Fim kamar The Batman na 2022, mai minti 176 wanda galibinsa dare ne, yakan koma dunƙulen baƙi a allon waya, balle a tsakar gida da rana. Wanda ya ce bai ga komai ba, sau da yawa gaskiya ya faɗa. Fim ɗin da nauyinsa ke cikin labari yana tsira daga wannan, wanda nauyinsa ke cikin hoto kuwa rabinsa ke isowa.

Akwai kuma kuɗin intanet. Wakanda Forever shi ne fim na 30 a jerin Marvel, ban da shirye-shiryen tele da aka fara a 2021, kuma kowane sabo na jingina da na baya. Yawan abin da sai ka sani kafin ka gane fim yakan yi kama da zurfi, alhali ɗawainiya ce kawai.

Iyaye su lura da tambari. Joker, Logan, Deadpool da fim ɗin Watchmen duka R ne, wato a Amurka ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Ganin sadauki a bangon fim bai nuna na yara ba ne.

Ga matasa masu shirya fim a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, kuskuren da aka fi yi shi ne kwafar alamomin buri ba tare da kayan aikinsu ba. Duhun Holiwud da fitilu masu yawa ake yin sa, sannan a rage hasken wajen tacewa. In aka ɗauka cikin duhu na gaske, kyamara na ƙara wa kanta ƙarfin gani, hoto ya cika da yashi, fuskar baƙar fata ta ɓace. Ko farin allo ko zanen gado da zai maido haske kan fuska ya fi babu. Tafiyar hawainiya sai an ɗauka a kan hotuna 60 ko 120 a daƙiƙa. In aka ɗauka a 25 aka ja a kwamfuta, motsi zai riƙa tsalle. Abin da ke kwafuwa da arha shi ne ginin labari: ɗaki ɗaya, mutane kaɗan, da zaɓin da kowane ɓangarensa ke da asara. Gwajin rubutu kuma mai sauƙi ne: a cire fitowar da aka yi dogon jawabi a cikinta, a sake karantawa. In ƙarshen labari bai motsa ba, sai a koma a gyara ƙarshen, ko a bar jawabin a waje.

Ita kuwa kasuwar ta fara ja da baya. The Marvels na 2023 ya tara dala miliyan 200 da ƴan kai, mafi ƙanƙanta a tarihin jerin, kuma a Mayun 2024 shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya ce za a rage yawan fitarwa zuwa fim biyu ko uku a shekara. Masu fatan alheri na ganin wannan zai ba marubuta lokacin kammala labari kafin a fara zana faɗa. Masu shakka kuma na nuni da sanarwar da ta biyo baya a watan Yuli na shekarar: Robert Downey Jr., wanda Iron Man ɗinsa ya mutu a 2019, zai dawo a matsayin mugu Doctor Doom.